Daga Kududdufi Zuwa Bakin Randa



Bayan godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki, da salati ga fiyayyen halitta, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ina miƙa gaisuwa ga shugaban wannan zama, da iyayen ƙasa, Allah ya ja zamaninku, da malamanmu, Allah ya gafarta muku, da kuma iyayenmu mata da suka baro hidimar gida suka zo suka zauna a nan, alhali kuwa babu wanda ya kai su sanin abin da za mu tattauna, tun da yake a kansu tulu yake hawa, kuma su ne suke kwana zaune idan cikin yaro ya ɓaci.

An umarce ni da in yi bayani a kan ruwan sha da tsafta a garuruwa da unguwannin da famfon hukuma bai kai gare su ba, ko kuwa ya kai amma ya daɗe da ƙafewa. Mas'ala ce mai faɗi, wadda in mutum ya ce zai kewaye ta duka a zama ɗaya, to, zai taɓa ko'ina ne ba tare da ya kama ko'ina ba. Saboda haka na zaɓi in shiga ta ƙofa guda, ƙofar wata cuta wadda galibin samarin da ke cikin wannan ɗaki ba su taɓa gani da idonsu ba, amma dattawa da sun ji sunanta sai ka ga sun kai hannu ƙafa, wato kurkunu. Na zaɓe ta ne domin cuta ce ta ruwa wadda mutanen ƙasar nan suka tashi suka yaƙa har suka ga bayanta, kuma wanda ya taɓa cin yaƙi ya kamata ya koma ya duba da wane makami ya ci, kafin ya ɗaura ɗamarar wani.

Ina yaro, a ƙauyenmu, an yi wata damina da ba na mantawa da ita. Ruwa ya sauka da wuri, shuka ta tsira, an shiga noman firi, sai ƙanen mahaifina, wanda muke ce wa Baffa, mutum ƙaƙƙarfa da ba a taɓa jin ya kwanta ciwo ba, ya wayi gari da wani ƙurji a idon sawunsa, yana cewa kamar an ɗora masa garwashi. Kwana biyu ƙurjin ya fashe, sai ga kan wani farin abu ya leƙo, siriri kamar zaren saƙa. Daga ranar nan aka shimfiɗa masa tabarma a zaure, aka samo tsinke aka naɗe kan tsutsar a jikinsa, kullum da safe kakata ta zo ta zauna ta ɗora ƙafar a cinyarta, ta murza tsinken sannu sannu, abin da bai wuce tsawon gaɓar yatsa ba, da ta ji ya yi tauri sai ta tsaya ta ɗaure da ƙyalle, domin kowa ya san in tsutsar ta tsinke a ciki ƙafa za ta kumbura ta yi ruwa, wani ma gurguncewarsa ke nan har abada. Haka ya yi fiye da wata guda. Da asuba yana jin maza suna wucewa ta ƙofar zaure da fartanya a kafaɗa, suna yi masa sannu, shi kuwa sai ya juya fuskarsa bango. Kafin ya miƙe ciyawa ta ci geron, gayyar da aka kira ma ba ta taru yadda ake so ba, domin kusan kowane gida da nasa majinyacin, kuma a shekarar nan tun bazara ba ta yi nisa ba hatsinsa ya ƙare ƙaf. Mutanen Dogon na ƙasar Mali suna kiran wannan ciwo da sunan da ke nufin cutar da ke bar wa mutum rumbu wayam, kuma duk wanda ya ga abin da na gani ya san ba su yi ƙari ba.

Akwai wani abu a cikin wannan jinya da ban gane nauyinsa ba sai da na girma. Idan zafin ya tsananta da rana, Baffa yakan kira ni, ya dafa kafaɗata, mu lallaɓa zuwa kududdufin bayan gari, ya zauna a baki ya tsoma ƙafar cikin ruwa, ya yi ajiyar zuciya, ya ce ya ji sanyi har cikin ransa. A gefenmu kuwa 'yan mata suna cika tuluna. Ni na kai shi da hannuna, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, ina ganin jinƙai nake yi, kuma babu babba ko ɗaya a garin da ya ga aibin haka, domin a wurinsu kurkunu jijiya ce ta jikin mutum da ke ɓaci ta fito, wasu su ce gado ne, wasu su ce jifa ne.

Ga haƙiƙanin abin da yake gudana a wannan lokaci, kamar yadda masana suka tabbatar. Tsutsar da ke leƙowa mace ce, tsawonta yakan kai mita guda, cikinta kuwa maƙil yake da 'ya'ya, kuma zafin nan da take gana wa mutum shi ne yake kora shi zuwa ruwa. Da zarar ta ji sanyin ruwa sai ta saki 'ya'yanta dubbai, waɗanda ido ba ya gani; wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwarin ruwa, waɗanda da ƙyar ake hango su kamar ƙura a cikin kofin gilashi, su haɗiye su; bayan kamar mako biyu 'ya'yan sun ƙosa a cikin ƙwaron; wanda ya sha ruwan ya sha har da ƙwaron; ƙwaron ya narke a cikinsa, tsutsar ta kuɓuta ta ratsa hanji ta shiga jiki, ta yi ta girma shiru, babu zazzaɓi babu raɗaɗi, har kusan shekara guda, sannan ta gangaro ƙafa ta nemi mafita daidai lokacin da kududdufai suka sake cika. To, ina mutumin da zai haɗa ƙurjin bana da ruwan da ya sha bara, in ba an zaunar da shi an warware masa ba? Rashin sanin iyayenmu a nan abin uzuri ne, domin tazarar da ke tsakanin sababi da abin da ya haifar ta yi nisa ƙwarai.

A shekarar 1986, lokacin da cibiyar tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter ta shiga yaƙi da wannan cuta, an ƙiyasta mutum miliyan 3.5 ne suke kamuwa da ita kowace shekara a ƙasashe 21 na Afirka da Asiya. Da Nijeriya ta kafa nata shirin a 1988, zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti yake ministan lafiya, aka bi ƙauyuka ana ƙirgawa, sai aka sami fiye da mutum 650,000 a ƙauyuka kusan 6,000, adadin da ya sa ƙasar nan ta zama kan gaba a duniya. Ku lura, jama'a, har yau ɗin nan babu allurar rigakafin kurkunu, babu kuma ƙwayar da ake haɗiya ta kashe shi. Kayan yaƙin da aka fita da su ba su wuce ƙyallen tacewa mai ƙananan idanu da ake ɗaure wa bakin tulu ba, da wani ɗan bututu mai matata da makiyaya da matafiya suke ratayawa a wuya su zuƙi ruwa ta cikinsa, da wani magani mai suna Abate da ake zuba wa kududdufi bisa awo ya kashe ƙwarin nan ba tare da ya cuci mutum ko dabba ba, sai kuma rijiyoyi a inda aka sami hali. Amma jigon al'amarin, wanda in babu shi sauran duk tarkace ne, shi ne mutum ɗaya ko biyu da aka zaɓa a kowane ƙauye daga cikin 'yan garin, galibi manomi ko matar aure, aka ba shi littafi da alƙalami da bandeji, aka ce aikinka ka san duk wanda ƙurji ya fito masa, ka wanke ka ɗaure, ka hana shi kusantar mashaya, a ɗebo masa ruwa a bokiti ya tsoma ƙafar a zubar can nesa, ka bi randuna ka duba ko ƙyalle ya huje, kuma ƙarshen wata ka kawo rahoto, ko da babu wanda ya kamu, ka rubuta babu.

Manya ma ba su zauna ba. Janar Yakubu Gowon, bayan ya daɗe da barin mulki, ya yi shekaru yana bin ƙauyukan da mota ke shiga da ƙyar, yana zama da dagatai, yana komawa birni ya matsa wa gwamnoni su cika alkawarin rijiya. A Sudan kuwa, a 1995, har wutar yaƙin basasa aka tsagaita ta kusan wata shida domin ma'aikatan lafiya su kai ga ƙauyukan kudu. Wanda ya kamu na ƙarshe a Nijeriya an same shi a Jihar Inugu a watan Nuwamba na 2008, a ƙarshen 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba Nijeriya da Nijar shaidar kuɓuta, Gana ta biyo baya a 2015, a 2022 kuwa mutum 13 kaɗai aka samu a duniya kaf. Ɗan abin da ya rage yana wurare irin su Cadi, inda tsutsar ta sami mafaka a jikin karnukan masunta na bakin kogin Shari, har ya zama ana ɗaure kare idan ƙurji ya fito masa, don kada ya shiga ruwa.

Yanzu bari in juyo ga malamaina, ina neman su yi mini uzuri in na taka gonarsu. Da wuya a sami al'ummar da ake fara wa karatu da zancen ruwa kamar tamu. Yaro da ya shiga littattafai, ko Ahalari ne, ko Ishmawi, ko Risala, ba a kai shi ga salla sai an tsaya da shi a babin ɗahara, ya san ruwan da ake alwala da shi shi ne wanda launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙamshinsa bai jirkita ba ta dalilin wani abu da ya faɗa ciki, ya kuma san wanda ya jirkita saboda ƙasar da yake kwance a kanta, ko taɓo, ko gansakukar da ta tsiro a cikinsa, yana nan da tsarkinsa. Wannan rahama ce ta shari'a, domin da an ce ba a alwala sai da ruwa garai-garai, da mutanen karkara da na sahara sun shiga ƙunci mai girma. Sai dai kuma, sannu a hankali, mun ɗauki hukuncin da aka yi domin ibada mun mai da shi ma'aunin ruwan sha, har za ka ga dattijo ya ɗaga ƙwarya ya duba, ya sansana, ya ce ai wannan ruwa ba shi da komai. Fuƙaha'u ba su faɗi haka ba. Sun yi magana ne a kan abin da ke ɗauke hadasi ya kawar da najasa. Zancen abin da ke cutar da jiki kuwa yana ƙarƙashin wata ƙa'ida dabam, wadda su ɗin ne dai suka kafa ta, cewa wajibi ne a gusar da cuta, kuma kiyaye rai yana cikin manyan manufofin da shari'a ta zo dominsu. Ruwan da Baffa ya tsoma ƙafarsa a ciki launinsa bai jirkita ba, alwalar wanda ya yi da shi ta inganta, amma shi ne ya kwantar da magidanta a damina mai zuwa. Harshenmu yana da kalmomi biyu, tsarki da tsafta, kuma ina ganin mun ba ta farko haƙƙinta, ta biyun kuwa mun bar ta ga mata da asibiti, kamar babu ruwan addini da ita.

Alhali kuwa wanda ya duba Sunna zai tarar Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana yin bawali a ruwan da ba ya gudu, ya yi gargaɗi mai tsanani a kan biyan bukata a mashaya da kan hanya da inuwar da mutane ke hutawa, ya umarci wanda ya farka daga barci ya wanke hannunsa kafin ya tsoma shi a mazubi, ya kuma yi umarni a rufe ƙorai a ɗaure bakin salka idan dare ya yi. Duk wanda ya tara waɗannan wuri ɗaya ya dube su da idon likita zai ga ƙofofin annoba ne ake toshewa ɗaya bayan ɗaya. Muna karanta su, muna hardace su, sannan mu fito daga makarantar mu wuce ta bayan katangarta muna toshe hanci.

Cutar da ke gabanmu yanzu ta fi kurkunu gaggawa. Kurkunu yakan kwantar, ba kasafai yake kisa ba; amai da gudawa kuwa, wadda likitoci ke kira kwalara, takan kama ƙato da safe, kafin la'asar idanunsa sun faɗa, fatarsa in an tsunkula ba ta komawa, kafin gari ya waye an yi masa sutura. A 2021 hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa ta ƙirga fiye da mutum 111,000 da ake zaton sun kamu, fiye da 3,600 suka riga mu gidan gaskiya, kuma jihohin da suka fi jin jiki su ne Bauci da Jigawa da Kano da Zamfara, wato gidanmu. Ita kwalara ita ce mai ƙara, wadda ake jin labarinta a rediyo. 'Yan'uwanta masu aiki shiru, zawon yara da atuni da taifot, suna nan rani da damina suna tsotse ƙananan yara, uwa tana cewa haƙori ne. Hanyarsu duka ɗaya ce, kuma tilas in faɗe ta ƙarara, ku gafarce ni iyayena, domin zancen rai ne: abin da ya fito daga cikin wani shi ne yake komawa bakin wani, ta ruwa, ko ta hannu, ko ta ƙafar ƙuda, ko ta ganyen da aka yi wa ban-ruwa da ruwan kwata.

A birnin Landan, a 1854, wannan annoba ta kashe fiye da mutum 600 a unguwa guda. Wani likita, John Snow, ya bi gidajen mamatan yana tambayar inda suke ɗiban ruwa, ya tarar famfo ɗaya ne na titin Broad, ya sa hukuma ta cire masa hannu. Da aka tona daga baya sai aka ga ramin masai na wani gida yana dab da rijiyar famfon, bai kai taku biyu ba, yana tsiyaya a cikinta, mutanen unguwar kuwa sun fi son ruwan wurin ne saboda daɗinsa a baki. Na kawo wannan labari ne domin in tuna muku gidajenmu na cikin birni, inda aka raba gado aka yanka gida ɗaya gida huɗu, rijiyar kakanni tana nan a tsakar gida, kowane magaji kuwa ya haƙa tasa salgar, wata tsakaninta da rijiyar taku biyar ne da katangar ƙasa. Ƙa'idar da masu aikin ruwa suke bi ita ce a bar kamar mita 30 tsakanin ramin masai da rijiya, ramin ya kasance ta gangare, gindinsa kuma kada ya kai ga ruwan ƙasa. Inda wuri ya ƙi, to, a bar ruwan wannan rijiya ga wanki, na sha kuwa a tafasa shi ko a sa masa sinadarin kulorin. Alif da iyayenmu suke jefawa yana kwantar da laka ruwa ya yi haske, amma ba ya kashe ƙwayar cuta, haka nan ƙyallen da ya tare ƙwaron kurkunu yana ragewa ne kawai a nan, ba ya wadatarwa.

Sau da yawa ma laifin ba na rijiyar ba ne, abin nan ne da Hausawa ke cewa rijiya ta bayar guga ya hana. Ruwa ya fito daga burtsatse tas, sai ya shiga jarkar ɗan garuwa wadda cikinta ya yi kore don daɗewa ba a wanke ba. Ko a ja shi da gugan da ya kwana a ƙasa inda awaki da kaji suke yawo, igiyarsa tana jan taɓo. In ya tsira daga waɗannan ya isa randa, to, ku tsaya ku duba abin da ke faruwa a bakinta a yini ɗaya. Yaro ya fito daga makewayi, ya yi tsarki da buta kamar yadda aka koya masa, bai kuskure komai ba cikin abin da aka hore shi da shi, sai dai babu sabulu a wurin. Ya rugo da ƙishirwa, ya buɗe faifai, ya ɗauki moɗa, ruwan ya yi ƙasa, ya zura hannu har gwiwa, ya sha, ya mayar da sauran, ya jefa moɗar ciki ya tafi. Bayansa ƙanwarsa ta zo, bayanta baƙo ya yi sallama aka ɗebo masa daga nan don girmamawa. Gyaran wannan ba ya jiran gwamna: randa mai murfi, moɗa mai dogon mariƙi da ake ratayewa a ƙusa, a ɗebo da ita a zuba a kofi ba a kai ta baki, da guntun sabulu, in babu ko toka, a ƙofar makewayi. Bincike ya nuna wanke hannu da sabulu kaɗai yana rage zawo da kusan kashi ɗaya cikin uku. In kuwa ciwon ya riga ya shigo, kowace uwa ta hardace wannan kamar yadda ta hardace sunayen 'ya'yanta: ruwa mai tsafta lita guda, sukari cokalin shayi shida a shafe, gishiri rabin cokalin shayi, a yi ta ba shi kaɗan kaɗan, kada a janye masa nono, ana yi ana kan hanyar asibiti.

Zancen masai kuwa shi ne wanda muka fi jin nauyinsa, shi ya sa ya fi komai zama a baya. Binciken da gwamnatin tarayya ta yi a 2021 ya nuna mutum kusan miliyan 48 a ƙasar nan suna biyan bukatarsu a fili. Wannan adadi in an faɗe shi sai ya wuce kamar iska, amma a cikinsa akwai matar da take ƙin cin abinci da rana domin ta iya jira har duhu ya shiga, da budurwar da take fita jeji da dare a zamanin da namiji ma yake tsoron fita, da almajirai ɗari a tsangayar da ba ta da rami ko ɗaya, da matafiyin da ya sauka a tasha ya rasa inda zai kewaya. Muna gina masallatai masu hasumiya, Allah ya saka wa masu ginawa, amma ni a ganina wanda ya tara jama'a sau biyar a yini, ko ya tara yara don karatu, bai kammala gininsa ba sai ya tanadar musu makewayi da ruwa, kuma kamata ya yi a fara aza tubalinsa kafin na hasumiya. Abin mai yiwuwa ne, domin a watan Oktoba na 2022 an ayyana Jigawa, da ƙananan hukumominta 27, a matsayin jiha ta farko da ta rabu da wannan ɗabi'a. Dabarar da aka fi bi a irin wannan aiki, wadda wani masani mai suna Kamal Kar ya faro a Bangaladash, ita ce a tara mutanen gari su zaga da ƙafarsu su ga inda ƙazantar take da inda ruwan sama yake kai ta, har su da kansu su yanke shawarar kowane gida ya haƙa nasa, su kuma sa ido a kan juna. Dattawa suna tuna duba-gari na zamanin En'e, wanda da an ji ya shigo unguwa mata sai su ruga su wanke randa. Ya yi amfani ƙwarai, kuma ina cikin masu son a ƙarfafa aikinsa, sai dai tsoronsa yakan tafi tare da shi, shi kuwa ɗan garin nan mai littafin kurkunu a nan yake kwana, kuma 'ya'yansa daga randar maƙwabta suke sha.

Wannan ya kawo ni ga zancen famfo da kula da shi. Kano ta sami ruwan famfo daga Calawa tun farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka zo aka gina madatsar Tiga a zamanin Audu Bako, amma ga 'yan garuwa nan suna tura kura a unguwanni har gobe, domin gari yana girma, abin da aka gina kuwa yana tsufa. A karkara abin ya fi fitowa fili. Na taɓa sauka wani ƙauye na tarar da famfon tuƙa-tuƙa a tsakiyar gari, an kewaye shi da siminti, ga allo mai ɗauke da sunan wanda ya bayar, hannun famfon kuwa ya saki, in ka ɗaga sai ya faɗo babu nauyi, tumaki suna kwance a kan dakalin. Na tambaya tun yaushe, aka ce damina biyu ke nan. Da aka kira mai gyara ya zaro sandunan, sai ga shi wata 'yar roba ce ta cinye, wadda kuɗinta bai kai na kaza biyu ba. Damina biyu mata suna komawa rafi saboda wannan roba. Na tambayi mai unguwa me ya hana a gyara, ya ce mini, da zuciya ɗaya, ranka ya daɗe, ai ba namu ba ne, masu shi ba su dawo ba.

Ban ga laifinsa shi kaɗai ba, domin ranar da aka buɗe famfon an yi kiɗa an ɗauki hoto, amma babu wanda aka kira da sunansa aka ce ga amanarka. Magabatanmu ba haka suka fahimci sadakar ruwa ba. Sayyidina Usmanu ɗan Affan ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya mai da ita waƙafi ga Musulmi. Zubaida, matar Halifa Haruna Rashid, ta kashe dukiya mai yawa ta jawo ruwa zuwa Makka domin alhazai. Kuma al'adar masu waƙafi a birane irin su Alƙahira da Santambul ita ce in mutum ya gina mashaya sai ya haɗa ta da shago ko gona wadda kuɗin shigarta zai riƙa biyan mai kula da mai gyara bayan ransa. Sun gane sadaka mai gudana tana gudana ne muddin ruwan yana gudana. Saboda haka ina kira ga mawadatanmu masu haƙa rijiya don isar da lada ga iyayensu, da 'yan siyasa, da ƙungiyoyi, kada su ɗauke hannu ranar buɗewa. A ware wani kaso don gyara tun kafin a fara haƙa, a koya wa mai gyaran keke ko babur na garin yadda ake zaro sanda a sauya roba, a sa kowane gida ya riƙa jefa ɗan abin da ya sawwaƙa a asusu duk mako, asusun kuma a danƙa shi a hannun mata, domin su ne za su koma rafi in famfo ya mutu, ba za su yi wasa da shi ba. Ina kuma roƙon malamai su duba ko kiyaye mashayar gari ba ya shiga cikin farilla ta kifaya, wadda in wasu sun tsaya mata an ɗauke wa saura, in kowa ya bari kowa ya ɗauki zunubi. In sun ga ya shiga, su faɗa a kan mumbari, domin abin da liman ya faɗa ranar Juma'a yana isa inda takardar ofis ba ta kaiwa.

Damina tana tafe, kuma da ruwan farko duk abin da aka bari a bayan gari zai gangaro zuwa inda muke ɗiba. Abin da nake roƙon kowane magidanci a nan shi ne, in ya koma gida yau, tun bai tuɓe riga ba, ya tsaya a bakin rijiyarsa ya taka zuwa bakin masai yana ƙirga takunsa. In bai kai arba'in ba, ya gaya wa uwargida daga gobe ruwan sha sai an tafasa. Iyayen ƙasa kuma, Allah ya ja zamaninku, a sa kowane mai unguwa ya kawo sunan mutum guda ga kowane famfo da kowace rijiya ta jama'a da ke ƙarƙashinsa, a ba shi littafi, ya riƙa kawo rahoto ƙarshen wata, ko da babu abin da ya lalace, ya rubuta babu.